Sun zare min wayarin ɗin gida kaf a Tumfure, wai nawa ake sayen kilon jan ƙarfe ne?

Baban Ilham

Assalamu alaikum jama'a. Wlh yau kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba, na ce bari in kawo maganar nan ko zan samu mai ba ni shawara.

Akwai ɗan gidan da nake ta lallaɓawa a Tumfure nan Gombe yau shekara huɗu, ɗaki uku da falo, da ƙyar da jiɓin goshi aka yi rufi aka yi filasta. Watan jiya na ce bari in yi wayarin in huta tunda kaya kullum ƙara kuɗi suke, na kwashi adashe na haɗa da kuɗin masarar da na sayar na sayo waya koyil 17, shida masu kaurin 1.5, takwas na 2.5, uku na 4, in ka haɗa da bireka da kuɗin aiki abin ya ɗan haura miliyan ɗaya. Ranar Asabar na tafi da mai tayil zai auna min falo, ina buɗe ƙofa sai na ga duk ramukan soket a wangale, bakin faif fayau ko sili ɗaya ba su bari ba, sun hau sama sun fasa silin wuri uku, hatta sandar at, wadda ke sauke wuta cikin ƙasa, da aka binne a bayan gida sai da suka tone ta. Ta tagar bayi suka shiga, ita kaɗai ce ban sa wa ƙarfe ba don ina ganin ta yi ƙanƙanta mutum ba zai wuce ba, ashe yaro zai wuce ya buɗe wa manya. Abin da ya fi ƙona min rai, a tsakar gidan nawa suka zauna suka ƙone robar, ga toka nan ga baƙin hayaƙi a jikin katanga har da ledojin ruwan da suka sha suka watsar.

Tambayata, wai nawa ake sayen kilon jan ƙarfen nan ne da har mutum zai kwana yana jan waya a gidan wani? Kuma wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina in sa ta alminiyam ko irin mai arahar nan tunda ita ba a damu da satarta ba, haka ne? Sannan in na zaga wajen 'yan gwangwan akwai alamar zan ga kayana ko dai in haƙura kawai. Masu sani don Allah a taimaka.

Sani Wayarin, Bolari

Wa alaikumus salam. Subhanallahi, sannu Baban Ilham, Allah ya mayar maka da mafi alheri ya tona asirinsu. Shekarata 14 ina wannan aiki kuma naka ba shi ne na farko da na gani ba, duk bayan garin nan inda kangaye suka fi mutane yawa haka ake fama.

Bari in buga maka lissafi da abin da ka faɗa da bakinka. Wayar 1.5 in ta cika mita 100, jan ƙarfen da ke cikinta bayan an cire roba kilo ɗaya ne da giram ɗari uku da 'yan kai, ta 2.5 kusan kilo biyu da kwata, ta 4 kuma kilo uku da rabi da ɗan ɗori. Koyil 17 ɗin nan naka kenan wajen kilo 36 ne in koyil ɗin cikakku ne, kuma da yawa ba sa cika, wasu yadi 100 ne wato mita 91, to ka ce tsakanin kilo 33 da 36. A kasuwar ƙarafa ta Landan wadda duk duniya ita ake kallo, tan ɗaya na jan ƙarfe ya haura dala 11,000 a watan Mayun 2024, kilo ɗaya dala 11 kenan. Ka ɗauke shi ma a dala 10 ka buga da naira 1,500 kowace dala, kilo ya kama naira dubu 15, ka ga ko su da kansu suka ɗauki buhun suka kai Landan abin da za a ba su bai wuce dubu 540 ba, rabin abin da ka kashe. To balle a nan, mutumin da ya ƙone ta ta yi baƙi, ya kinkimo ta da asuba yana waige-waige, mai sikeli na ganinsa ya san kayan masu zafi ne ya yi masa tayin wulaƙanci kuma ba shi da bakin musu. A ganina in sun samu kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka sun yi sa'a, su raba su uku ko huɗu, kwana biyu ya ƙare a ƙwaya. Sandar at ɗin kam wahalar banza suka sha, yawancin waɗanda ke kasuwa baƙin ƙarfe ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya.

Maganar alminiyam kuwa, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Ba ta da daraja a sikeli, kuɗin kilonta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jan ƙarfe ba ga ta kuma ba nauyi, shi ya sa daga fol zuwa mita duk ita muke ja kuma ba matsala don mai kauri ce kuma a waje take. Amma cikin gida, a soket da makunni, ni dai ba zan sa wa mutum ba ko zai ninka min kuɗin aiki. Wutar da take ɗauka wajen kashi 60 ne cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka, sannan in ka ɗaure ta da sukuru yau, ta ɗau zafi ta huce ta ɗau zafi ta huce, bayan 'yan watanni ta saki, daga nan sai tartsatsi, rana ɗaya uwargida ta jona hita ko dutsen guga sai dai a ji ƙauri daga silin. Gudun gara kenan a faɗa gidan zago.

Ita mai arahar ma ta fi muni don ita yaudara ce, alminiyam ce aka yi wa fenti da jan ƙarfe a sama, ido ba ya rabewa. In za ka sake saye tafi da wuƙa da laita, ka kankare bakin wayar, in ka ga fari a ciki ajiye musu abinsu. Ko ka kunna wa sili ɗaya laita, ta ƙwarai za ta yi ja ta tsaya yadda take, ta bogi nan take za ta lanƙwashe ta zube don alminiyam a zafin digiri 660 take narkewa jan ƙarfe kuwa sai ya haura 1,000. Ka ɗaga koyil ɗin ma ka ji nauyinsa a hannu, ko ka sa a ɗora maka a sikeli.

Kuma kada ka ji haushina, kuskuren da aka yi shi ne jan waya a gidan da ba kowa. Faif da akwatuna ake sawa a bari, waya sai an sa ƙofofi da ƙarfen taga an gama fenti, saura sati ɗaya a tare sannan a ja, kuma daga ranar wani ya riƙa kwana a ciki. Na san tsoron tashin kaya ne ya sa ka gaggawa, da ka saya ka ajiye a ƙarƙashin gado a gidan da kake.

Ɗan Jeka

Allah ya kiyaye gaba. Amma ni fa ina ganin da ɗan gari akan ci gari, waye ya san an ja waya a gidan, waye ya san tagar bayi ce ba ƙarfe, waye ya san inda aka binne at? Ka fara da yaran mai wayarin ɗin da leburorin da suka yi filasta kafin ka je ko'ina.

Sani Wayarin, Bolari

Ɗan Jeka a dai riƙa sassautawa, zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Ba na ce duk yaranmu waliyyai ba ne, ni kaina na taɓa korar yaro a kan guntayen waya, amma kwalayen koyil da ledojinsa da ake zubarwa a ƙofar gida su ma talla ne, duk mai wucewa da buhu ya gani ya san an yi aiki a ciki. At kuma wayarta kore da rawaya a fili take bin bango ta shiga ƙasa, ba sai an yi wa mutum kwatance ba.

Alhaji na Gwangwan

Salamu alaikum. Malam Baban Ilham ina yi maka jaje, Allah ya musanya. Na ga an ambaci 'yan gwangwan shi ya sa na ce bari in sa baki, don ni sana'ata kenan tun ina tura baro, da ita na yi aure da ita na sauke farali, kuma ba na jin daɗin yadda ake mana kuɗin goro.

Farashi dai ba wanda zai faɗa maka na gobe, kullum da safe ake bugo mana waya daga wajen manyan diloli na Kano da Legas a ce yau kaza ne, kuma dala yake bi sau da ƙafa. Abin da ya ɓata lamarin kenan, kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dalar gwamnati ba ta kai 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, ga shi kuma can waje ma kayan na tashi saboda sola da motocin lantarki duk shi suke ci, sai ya zama kilon da yaro zai kawo a da a ba shi kuɗin shayi da burodi yanzu ya fi abin da lebura ke samu a yini. Yaron da ba makaranta ba sana'a ya ga haka me kake tsammani.

Kuma kayan hawa-hawa ne. Wadda aka ɓare robarta da wuƙa ta fito ja jawur tana ƙyalli ita ce ta ɗaya, ƙonanniya tana ƙasa da ita don ta yi baƙi ga toka, wadda aka kawo da robarta kuma sai an cire nauyin roba, sannan a gangaro tagulla irin kan famfo, alminiyam, dalmar batir, baƙin ƙarfe shi ne na ƙarshe. Mayen ƙarfe na nan a aljihuna kullum, abin da ya kama ba jan ƙarfe ba ne. Halastaccen jan ƙarfe kuwa yana da yawa, masu naɗin koyil na fanka da janareto da injin ban ruwa duk mu suke kawo wa ƙonannen da suka cire, ga kwamfuresar firij, ga guntayen da irin su Malam Sani ke tarawa bayan aiki. Na sata ba ya ɓuya ga wanda ya san aiki, sabuwar waya ce dogaye kauri ɗaya, ko kebul mai kaurin yatsa wanda ba a samunsa a bola, kuma yara ne ke kawowa kafin gari ya waye ko bayan isha'i. Ni in na gani cewa nake ɗauki kayanka, amma ba zan ɓoye maka ba, yana fita daga wajena akwai wanda zai karɓa, wasu ma ba su da shago, sikelin hannu ne da babur.

Batun ka zaga neman kayanka, gaskiya ɗaya ce, waya in ta sha wuta ba ta da suna ba ta da lamba, kwana biyu ta gauraya da ta wasu an danne a buhu an ɗora a tirela. Duk da haka kada ka yi shiru, ka kai rahoto wajen 'yan sanda ka kuma samu shugabannin ƙungiyarmu ka faɗa musu rana da yawan kayan, kilo talatin da wani abu a dare ɗaya ba ƙaramin kaya ba ne a garin nan, ana iya tuna wanda ya shigo da shi.

Maman Walid

Sannu Baban Ilham, Allah ya ba da haƙuri. Ku naku ma gida ɗaya ne, mu unguwa guda aka jefa cikin duhu. Kun tuna a Afrilun 2024 da aka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe muka yi makonni ba wutar kirki ga zafi ga tsadar ƙanƙara, to a cikin kwanakin nan aka bi dare aka yanke manyan kebul ɗin da suka tashi daga transifomarmu suka hau fol, aka kuma tsiyaye man cikinta, don su ai rashin wuta shi ne damarsu, da wuta a jiki wa zai taɓa. Ba mu ma sani ba sai da wuta ta dawo ko'ina mu shiru. Muka yi ta zarya ofishin masu wuta ana cewa a jira, ƙarshe dai Jauro, wato mai unguwarmu, ya tara maza aka yanka wa kowane gida kuɗi, ni da nake sayar da zoɓo da kunun aya firiza biyu a kashe sai da na sayar da tunkiyata na biya namu kason. Daga baya wani malamin makaranta a layinmu yake ce mana ai hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta faɗa a fili gyaran transifoma da sayen fol ba a wuyan masu shan wuta yake ba, to mun ji, amma wanda ya kwana arba'in a duhu ba doka yake nema ba.

Abin bai tsaya nan ba, da aka haɗa aka kawo wuta ashe akwai wata waya da suka cire ta ƙasa ba a lura ba, ƙwai suka riƙa haske kamar rana suna fashewa, gidaje da yawa talabijin da caja da fanka suka ƙone, ni ma firiza ɗaya ta tafi. Yanzu dai an yi wa transifomar keji an sa fitilar sola a kanta, ana biyan 'yan sintiri duk wata.

Alhaji kuma don Allah ku yi wa yaranku magana a kan ƙona wayar nan a bayan gidajen mutane, hayaƙin baƙi ƙirin mai shiga maƙogwaro, ina da yaro mai asma duk ranar da suka kunna a kwarin bayanmu kwana muke a zaune.

Sani Wayarin, Bolari

Maman Walid wannan nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, suka cire muku. In ta katse a transifoma wutar ba ta rabuwa daidai tsakanin layuka ukun da ke fitowa daga cikinta, gidan da ya kamata ya samu 230 sai ya samu abin da ya doshi 400, wani gidan kuma ta yi ƙasa kamar kyandir. Duk ranar da kika ga ƙwai ya yi wani irin haske fiye da kima ki ruga ki kashe babban makunni kafin komai. Hayaƙin kuma guba ne na gaske, robar PVC in ta ƙone iskar asid take fitarwa, su kansu yaran da ke tsaye a kai ƙirjinsu suke ci.

Abu Sadik, Pantami

Alhaji da girmanka, kuma na yarda kai ba ka karɓa, amma maganar a taƙaice take, ranar da aka rasa mai saye ranar za a daina sata, ba wanda zai saci abin da zai kai gida ya rasa yadda zai yi da shi. Mu a masallacinmu sau biyu ana zare wayar lasifika da ta janareto, bohol ɗin unguwa ma an jawo sumo an yanke kebul ɗinsa mata suka koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. A dokar Penal Code karɓar kayan da ka san na sata ne laifi ne mai zaman kansa, ba sai kai ka haura katanga ba. Gwamna Zulum ya hana harkar jari bola a Borno a 2023, Abuja ma a Janairun 2025 sun hana 'yan bola yawo a cikin birni har suka rufe kasuwannin panteka, inda ake cinikin tsofaffin ƙarafa, na sati biyu saboda satar murafun kwalbati. Ni ban ce a rufe muku sana'a ba don na san dubban mutane ke ci a ciki, kuma in an rufe a nan kayan Bauchi ko Kano za su tafi a buhun gawayi, amma me zai hana kowane mai sikeli ya ajiye littafi, wanda ya kawo jan ƙarfe a rubuta sunansa da lambar waya a ɗauki hotonsa da kayan, kuma a daina saye daga hannun yara da kuma bayan magariba? Mai kayan halal ba zai ƙi hoto ba.

Alhaji na Gwangwan

Malam Abu Sadik ba ka faɗi ƙarya ba. Littafin ni ina da shi, wasunmu ma suna da shi, matsalar masu babur ɗin nan ne da ba su da wurin zama balle a same su. Hajiya Maman Walid kuma ki yi haƙuri, ki turo min kwatancen kwarin ta saƙo, in yaran da nake saye a hannunsu ne zan sani.

Baban Ilham

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci, wlh har na ɗan ji sanyi. Lissafin Malam Sani ne ma ya ƙara min takaici, a ce abin da na tara shekara guda a kansa wani ya sayar da shi kuɗin da bai kai na tsohon babur ba. Na je na kai rahoto jiya, na kuma samu Jauro, ashe gida na huɗu kenan a layin cikin wata biyu kowa ya yi shiru da nasa, yanzu mun yi magana mu masu kangaye za mu haɗa kuɗi mu ɗauki maigadi ɗaya. Alhaji zan neme ka ka haɗa ni da shugabannin naku. Ɗan Jeka mai wayarin ɗina ɗan ƙanwar matata ne, shi ya fi ni shiga damuwa, ya ce zai sake aikin ba sai na biya shi ba.

Malam Sani saura abu ɗaya, yau da muka hau silin mun tarar layin kicin da na ɗaki ɗaya ba su iya jawo su ba, sun dai yanke bakinsu sun bari, a ƙara musu tsawo a yi amfani da su ko a cire?

Sani Wayarin, Bolari

Kada a yi haɗi a cikin faif ko kaɗan. Wayar da aka finciko da ƙarfi ta ƙi fitowa sau da yawa robarta ta sale a lungun da ido ba ya gani, ka ce wa mai wayarinka ya samo mega, na'urar gwada lafiyar robar waya, ya gwada su tukuna, in sun nuna lafiya kuma tsawon ya kai akwati a yi haɗin a cikin akwati da kanekta, in ba su kai ba a zare. Ta kicin kam ni da zan ba ka shawara a sake ta gaba ɗaya da sabuwar 4, can ne kaya masu jan wuta suke. Waɗanda aka zare ka ɓare su da wuƙa kada ka ƙona, ka tafi da rasit ɗinka wajen Alhaji ya auna maka, ko kuɗin ƙarfen tagar bayin ka samu.